Mai Tsaron Baya a Bakin Kanti

Ƙanƙara ta daskare a bakin wani kanti a High Point Road, Goggo ta kafe, ta kasa ɗaga ƙafa. Sai ga wani ƙaton Bature, babu haƙoran gaba, hanci a karkace, usur a wuya. Ya kama hannayenta biyu, yana sulalewa da baya ko waiwaye babu, yana janta har ƙofa. Daso, 'yar ƙaninta, ta raya a ranta: wannan tsohon mai tsaron baya ne a wasan hokin ƙanƙara, yanzu yara yake koyarwa.

Goggon da ba ta ba namiji hannu, ga ta tana ƙyalƙyala dariya.

"Daso, ce masa na manta jakata a mota."

Jakar kuwa tana hammatarta.