Bishiyar da Ke Kwana a Ɗakin Kaka

Duk Ɗanzomo babu wanda ya taɓa ganin bishiya mai ɗakin kwana sai a gidanmu. Kawu Sale ne ya kawo ta, autan kakata, direban babbar mota mai kwasar shanu daga Maigatari zuwa Kudu. Wata 'yar aba ce kamar jaririn dabino, a cikin tsohon bokitin fenti, ko ƙuguna ba ta kai ba, ni kuwa a lokacin akuya ma ta fi ni tsawo. Ya ce a gidan wani Bature ya samo ta, a falo suke ajiye irinta. Ba ta 'ya'ya, ba ta inuwa, ba a miya da ganyenta.

Babanmu ya ce, "To me ake yi da ita?"

"Kallonta ake yi, Yaya."

Ya miƙa wa Kaka. "Inna, riƙe mini. Sai kin taɓa ƙasar kin ji ta bushe za ki ba ta ruwa, shi ma kaɗan. Kada ki bari rana ta gan ta." Ya hau motarsa ya tafi. Shiru wata uku, shiru shekara. Wani ya ce ya gan shi a Ikko, wani ya rantse a Damagaram ne.

Kaka ta ajiye ta bayan randa, inda haske ke shigowa ta ƙofa amma rana ba ta isowa. Kullum sai ta jiƙa bakin zanenta ta goge ganyen ɗaya bayan ɗaya. Nakan ce, "Tsohuwa, ni maigidanki ko majina ba ki share mini, ga ciyawa kina wanke mata fuska."

"Ita ba ta satar mini ƙuli-ƙuli."

Sai ga shekarar da sama ta ƙi mu. Sau uku aka yi shuka, sau uku geron ya leƙo ya ƙone. Rijiyar unguwarmu kuwa, in ka jefa guga kana iya zuwa Gumel ka yi gaisuwa ka dawo bai taɓa ruwa ba. A gida da moɗa ake rabon ruwa. Kaka ta sha rabin nata, rabi ta kai bayan randa.

Bayan an ci ɗan tuwon da ake hango gindin kwano ta cikinsa, sai mu jikoki mu kewaye murhu kafin garwashin ya mutu. Ta gyara zama ta ce, "Ku kawo kunnuwanku, ga ta nan tafe." A shekarar nan tatsuniya ɗaya ta dinga maimaitawa.

Wai Hadari ne zai yi doguwar tafiya, sai ya bar wa wata tsohuwa amanar 'yar bishiyarsa. Ya ce, "In zan dawo, inda na ga korenta nan zan sauka." Ya tafi, duniya ta bushe. Kuka ta zubar da ganye, giginya ta sunkuya, tururuwa ma ta yi ƙaura. Tsohuwa ta ɓoye bishiyar a ɗaki tana ba ta ruwan shanta, tana ramewa, bishiya tana kore. Da ta zo nan sai ta yi hamma. "Na ɗaure ta a turke, sai gobe." Goben kuma daga farko take somawa.

Rannan na ce, "Tsohuwa, ta yaya zai gan ta daga sama, alhali tana cikin ɗaki?"

Ta tura garwashi da kara.

Ni fa a ganina na gano abin da ya gagari dattawan gari da duk roƙon ruwansu. Da safe Kaka ta bi mata neman ruwa can wata rijiya ta hanyar Sule Tankarkar. Na sungumi bokitin, na hau jinkar rumbu, na ɗaure shi a ƙololuwa. Na zauna ina jiran a zo a yi mini sarauta.

Ko gajimare mai girman faifai bai gifta ba. Kafin la'asar ganyen ya koma kamar taba, ka taɓa ya marmashe a hannu.

Da ta dawo ta sauke tulu, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Na shirya wa duka, har na fara kukan tun kafin a taɓa ni. Ba ta ko ɗaga hannu ba. Ta ce, "Da ka bar ta a ɗaki, maigida. Ai ya san hanyar ɗakin."

Daga ranar ba ta sake yin tatsuniya ba. Muka riƙa zama bakin murhu kamar masu zaman makoki, har kowa ya watse.

Na yi shekaru ina ba da labarin nan a tasha ana dariya, wai tsohuwarmu ta ce hadari ya san hanyar ɗakinta. Sai da nawa ɗan ya tafi cirani ya yi wata shida babu labari, na tsinci kaina ina goge masa takalman da ya bari, sannan na daina dariyar. Ashe Kaka ba rowar ƙarshen tatsuniyar take yi mana ba, ita ma jiransa take. Ruwa dai ya dawo a damina ta gaba, har ya rushe mana katanga. Kawu Sale bai dawo ba, kuma tun kafin ruwan aka binne Kaka.