Yadda Kawu Mai Agogo Ya Koma Ƙera Wuƙa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, gyaran agogo ya yi tun yana saurayi har furfura ta cika masa gemu. Shagonsa ɗan mitsitsi ne a bakin titi, tsakanin mai walda da mai aski, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya matse ciki. Da waya ta shiga aljihun kowa, masu kawo gyara suka ɗauke ƙafa. Kawu ya koma zaman goge gilashi da korar ƙuda.

Wata rana mai askin ya leƙo da tsohuwar wuƙa mai naɗewa, ta kakansa, wadda ta cije ta ƙi buɗuwa.

"Mai Agogo, tunda kai ne gwanin ƙananan abubuwa, duba mini wannan."

Kawu ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya, ya warware ta a kan farin ƙyalle. Ruwan wuƙa, ɓangarorin ƙota, 'yan ƙusoshi, sai wani siririn ƙarfe a baya mai aikin sifirin. Iyakar kayan cikinta ke nan. Ya yi ta kallonsu, can sai ya tuntsire da dariya.

"Wallahi zan iya ƙera irin wannan!"

Da yamma ya faɗo gida ko sallamar kirki bai yi ba. Matarsa, wadda muke kira Inna, tana tankaɗe.

"Na canza sana'a," in ji shi.

"Zuwa me?"

"Wuƙa. Mai naɗewa. Kowa da tasa, daidai hannunsa."

Inna ta ajiye rariya. "Malam, kai da in an yanke ɗan yatsa a gabanka sai an yi maka fifita?"

"Ƙerawa na ce zan yi, ban ce zan yanka kowa ba."

Washegari ya fara yawon roƙo. Kafinta ya ba shi tsohon zarto, mahauci ya ba shi ƙahon yin ƙota, mai walda ya ara masa magagari yana yi masa dariya. Hannun da ya saba da matsefata ya kama goga ƙarfe, duk tafinsa ya yi bororo. Ko a jikinsa. Har waƙa yake yi.

Wuƙar farko ta buɗe, ta rantse ba za ta rufe ba. Ta biyu kuwa ba ta da kunya, ita ke buɗe kanta. Ya jefa ta a aljihu ya tafi gaida maƙwabci, ya dawo yana tafiya a karkace, hannu a kan cinya, wando a tsage har gwiwa. Inna ta yi dariya har da zama a ƙasa, shi ma yana taya ta.

"Amma kin ga kaifin, ko?" in ji shi. "Dubi yadda ta yanka yadin nan tsaf!"

Mai walda ya ji tausayinsa, ya koya masa yadda ake sa ƙarfe ya yi tauri: a gasa shi a garwashi har ya yi jawur, har maganaɗisu ya daina kama shi, sannan a tsoma a mai. Ya ƙara da cewa dole a sake ɗumama shi a hankali har ya yi launin busasshiyar ciyawa. Wannan na ƙarshen Kawu bai tsaya ji ba, ya riga ya ruga gida. Ya hura murhun Inna, ya tsoma jan ƙarfe a gwangwanin baƙin mai, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, kaji suka watse, shanyar Inna ta sha ƙauri. Ruwan wuƙar ya fito, ya ɗan gwada lanƙwasa shi, ya karye kamar tangaran.

 Ya zauna da gutsattsarin a tafinsa. Inna ce ta turo masa gawayi da ƙafa.

"Tunda ka riga ka ɓata mini wanki, ka ƙarasa."

Ya koma wurin mai walda, wannan karon ya saurara har ƙarshe. Ya sake yanko zarto, ya goge, ya gasa, ya ɗumama. Sifirin ɗin ya fi ba shi wuya, ya yi ta rage shi kaɗan-kaɗan da haƙurin masu agogo. Ya jera komai, ya buga ƙusa, ya sa farce ya ja.

Ƙas! Ta buɗe ta tsaya cak. Ya danna. Ƙas! Ta shige cikin ƙahonta.

Kawu ya fita titi da takalmi ɗaya. Ya tare mai aski yana tsakiyar yi wa wani gyaran fuska. "Saurara! Ka ji? Ka ji?" Ya tare mai sayar da lemo, ya tare mai shara, har wani baƙo da ya tsaya tambayar hanya sai da ya ji ƙas sau da yawa kafin a nuna masa kwana.

Mahauci ya karɓa, ya aske gashin hannunsa da ita, ya gyaɗa kai. Sai dai ya yi ta juya ta yana neman inda zai sa farce.

"Ni bahago ne, Mai Agogo. Tsagar nan a wancan gefen take."

Kawu ya damƙe hannun hagun mahaucin kamar ya tsinci zinariya, ya zagaye shi da fensir a kan kwali. "Taka daban za a yi!"

Daga nan tela ya zo yana son 'yar ƙarama ta farke ɗinki. Wata mai sayar da furanni ta ce tata baki a lanƙwashe. Kowa sai an auna masa hannu, an tambaye shi me zai yanka, da wane aljihu zai sa.

Da na je gaishe shi kwanan baya, ban gama durƙusawa ba ya kamo hannuna yana dubawa.

"'Yata, ashe cin farce kike yi? To da me za ki buɗe taki?"

Ya ce ba zai taɓa ƙarfe ba sai farcen babban yatsana ya fito. Yanzu haka ina nan ina tara shi, kullum sai ya aiko Inna ta duba.