Tudun Agwagi

Har yau ranar nan ba ta fita raina ba, ranar da na yi magana a ɗakin taro bayan shekara goma sha tara ina shiga ina fita ko tarina ba a taɓa ji ba. Ku da aka ɗauka aiki bana, ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, don haka abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Aikina a sakatariyar ƙaramar hukuma shara ne, da goge tebura, da kai shayi idan manya sun zauna. A ƙa'idar aikin, mai shara ba ta sa baki a maganar manya. Ki ajiye kofi, ki ja ƙofa.

A shekarar aka ce za a ba yankinmu sabuwar sakandare. Ga yadda tsarin yake, don wanda bai sani ba: jama'a ne ke kawo fili, su tara bulo da siminti na ajujuwan farko. Ƙaramar hukuma ta kafa kwamiti ya duba filin. Idan Ciyaman ya sa hannu aka kai takarda Kaduna, alƙalami ya bushe. Unguwa biyu ke nema, mu na Tudun Wada da wasu ta wajen Hanwa.

Mu kam mun ɗaura ɗamara, don 'ya'yanmu mata sun gaji da doguwar tafiya. Ni da kaina na bi gida-gida ina karɓar alkawarin bulo wajen mata, daga mai kitso har Asabe mai ƙosai. Oga Emeka mai buga bulo da sayar da kayan gini, wanda Hausarsa ta fi ta jikokina, ya ce simintin farko a wuyansa yake.

Wata Talata, ana tsakiyar zafin bazara, kwamiti ya zauna zaman ƙarshe. Ina zuba shayi sai Injiniya Sabo ya miƙe da takarda. Baƙo ne, watansa uku a Zariya, mutum mai ladabi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, filin da Tudun Wada suka bayar shi ne Tudun Agwagi. Na je na auna. Shimfiɗaɗɗe ne, a bushe ƙayau. Sunansa ma ya isa shaida. Tudu ne, ruwa ba zai kwanta ba."

Na dakata da zuba shayi. Lokacin da aka kawo ni unguwar ina amarya, wurin nan rami ne. Daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina rabin gidajen layinmu. Da damina ya cika maƙil, agwagin unguwa su wuni suna wanka. Sunan tudu shaƙiyancin dattawan da ke zaman hira a unguwa ne, kamar yadda ake ce wa gajere Dogo. Daga baya aka yi ta zuba shara har ya cike, ciyawa ta rufe. Masu zolayar suka mutu, sunan ya zauna daram kamar gaske.

Na dubi kansilanmu, Alhaji Tanimu. Shi bai tarar da ramin ba, amma ya san ruwa na kwanciya a wurin. Sai na ga ya ƙura wa fanka ido kamar ranar aka kafa ta.

Na san abin da ke gabana. In na yi shiru, bulon matan da na roƙa zai nutse a shara. In na yi magana, makaranta na iya komawa Hanwa, ni kuma a Tudun Wada nake kwana. Ciyaman ya riga ya cire murfin biro. Sai na ƙi fita. Na tsaya riƙe da tire.

Ya ɗago kai. "Inna Ladi, lafiya? Ko sukari ne ya ƙare?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tambaya gare ni, ta jahila. A garinsu Injiniya, agwagwa a kan tudu take wanka?"

Sai Sakatare ya ƙyalƙyale da dariya har shayi ya sarƙe shi. Alhaji Tanimu ya ce, "Haba Inna! Ke fa 'yar gida ce."

Na ce, "Shi ya sa, Alhaji."

Ciyaman ya mayar da murfin bironsa, ya ce in faɗi abin da na sani. Na faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba.

Washegari da hantsi aka sa ni a gaban motar ofis, kansila a baya. Aka kawo masu diga. Ƙasa mai kyau ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Daga nan sai gwangwani, sai leda, sai silifas wari ɗaya, sai wani baƙin taɓo mai wari da ya sa Sakatare toshe hanci da hularsa. Injiniya Sabo ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Da an ɗora gini a nan, ba zai ga damina uku ba."

Ciyaman ya yanke hukunci a tsaye: kwana bakwai. Ko Tudun Wada ta kawo wani fili, ko takarda ta tafi da sunan Hanwa.

Kwanakin nan na sha kallo. Na je sayen ƙosai, Asabe ta ce, "A'a, ga injiniya! Yau kuma ina za a tona? Bakinki ya cinye mana makaranta, ki ci ƙosai da me?"

Na ce, "Zuba mini, ki daina surutu, mai na ƙonewa."

Amma maganarta ta zauna mini. Sai na yi tunani: wa ya fi kowa tsoron ruwa a unguwar nan? Mai buga bulo. Na tafi wajen Oga Emeka na ce, "Da damina ina kake shanya bulonka?"

Ya ce, "Mama, zo ki gani." Ya kai ni wani fili a bayan layinsu, jar ƙasa mai tsakuwa. "Shekara da shekaru ina aron wurin nan. Ko kwana aka yi ana ruwa, da rana ta fito sai ka zauna da farar riga."

Filin na magadan wani malami ne da ya rasu. Na tattara mata, Asabe a gaba don ta fi kowa baki, muka sa liman da mai unguwa suka shige mana gaba. Alhaji Tanimu ma, in faɗi gaskiya, ya yi zirga-zirga har takalminsa ya ci ƙura. A kwana na biyar magadan suka ce sun bayar, ladan ya kai ga mahaifinsu.

Da Injiniya Sabo ya zo, abin da ya fara tambaya shi ne, "Inna, me sunan wannan?"

Na ce, "Ba shi da suna."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya karɓi diga da hannunsa ya tona wuri uku. Ranar Talata Ciyaman ya sa hannu. Makarantar na nan, ko tsaga babu a bangonta, kuma Asabe a bakin ƙofarta take suya yanzu, tana gaya wa kowa ita ta samo filin.

Abin da na koya, takarda ba ta san wasa ba. Abin da kakanni suka faɗa suna dariya, ofis zai rubuta shi ya buga hatimi. Na kuma gane masu ilmin nan ba ƙin ji suke ba, sau da yawa ba wanda ya gaya musu ne. Amma ku riƙe wannan da kyau: hana ɓarna rabin aiki ne. Wanda ya ce "ba nan ba", ya sa takalminsa ya je ya nemo inda ne.

To, ku tashi haka nan. Ƙarƙashin teburin Sakatare ba a share ba, na gani.