Malama Helen Mai Ruwan Sama

Duk wanda ya koyar a sakandaren 'yan matanmu ta Ƙauran Namoda ya san yadda Malama Helen ke fara aiki. Bakwai saura kwata ta iso, ta buɗe ɗakin gwaje-gwaje, ta wanke kwalabe da bututun gilashi da hannunta, ta kife su a kan tawul. Daga nan sai ta leƙa ƙaramin ɗakin da ke baya, ta duba jarkokinta guda shida.

Makarantar ba ta da injin tace ruwa, rijiyarmu kuwa kanwa gare ta. Saboda haka idan damina ta kama, Malama takan bar ruwan farko da na biyu su wanke kwanon rufi, na uku ta tara a bakin indararo, ta tace da farin ƙyalle, ta rufe. Da shi take haɗa magungunan kemistiri har shekara ta zagayo. Mu 'yan ɗakin malamai, da ba ma rasa bakin magana, muka laƙaba mata Mai Ruwan Sama. Ba ta taɓa amsawa ba, ba ta kuma taɓa hana mu ba.

Daga kudancin Kaduna ta zo, a jirgin ƙasa, shekara talatin ke nan. Da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, malamin fiziks ya koma Sakkwato. Da aka ƙaddamar da shari'a, mai bayoloji ya tattara ya koma garinsu. Ita ta ƙara wa mayafinta tsawo, ta haɗa darussan uku ta riƙe.

A shekarar ce abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru. A jarrabawar fita akwai gwajin da ɗaliba ke ɗiga asid cikin wani ruwan magani har launinsa ya juya, sai ta rubuta yawan asid ɗin da ya shiga. Malama ma takan yi nata gwajin, ta rufe lambarta a ambulan, a aika wa hukumar jarrabawa. Da lambar malama ake auna amsar yara. Wadda ta yi nisa da ita ta faɗi, ko da ta iya.

'Yan mata sittin da biyu ne, aka raba su kashi biyu, kowane kashi da ruwan maganinsa daga jarka daban. Ni Hausa nake koyarwa, tsaron ƙofa aka ba ni. Kashi na farko suka gama lafiya. Ana cikin na biyu sai wata ɗaliba, Mubaraka 'yar Sakajiki, ta ɗaga hannu.

"Malama, sau ukku na gwada, ashirin da shidda ni ka samu. Waɗanda sunka hita kuwa sun raɗa muna ashirin da huɗu."

Raɗar ta riga ta zagaya. Wasu har sun fara goge amsarsu. Malama ta shiga ɗakin baya, ta ɗiga ruwan jarka ta biyu a harshenta, ta ji kanwa. Ta sa aka kira Ɗanbaba masinja, magidanci mai iyali, wanda ke share wurin.

"Malama, ni na," in ji shi. "Guga ya hwaɗa rijiya kwana ukku, munka yi ta alwala da jarkag ga, ni da masu dahuwa. Amma wallahi da anka ciro guga na cika miki ita fal. Ban rage ki da komi ba."

Shi a ganinsa amana ya mayar. Ruwa ya ɗiba, ruwa ya zuba.

Shugabar makaranta, Hajiya Fatimatu, ta ja Malama gefe. "Ki ce musu su rubuta ashirin da huɗu, a wuce wurin. Ɗiyan mutane talatin da ɗaya na hwa. Wa za ya sani?" Ba zan ɓoye ba, ni ma na gyaɗa kai. Malam Muhtari, mai sa ido da aka turo daga Zurmi, ya mayar da idonsa kan taga.

"Hajiya, shekara uku ina ce musu su rubuta abin da idonsu ya gani," in ji Malama. "Ba yau zan ce su goge ba."

Ta koma ciki ta ce kowacce ta bar abin da ta samu. Ta sake gwajin da ruwan kashi na biyu a gaban Malam Muhtari, ta samu ashirin da shida. Ta rubuta wa hukuma lamba biyu, da sunayen waɗanda kowace lamba ta shafa. A wurin dalili ta rubuta cewa ba ta gwada ruwan ba kafin ta haɗa magani, sakacinta ne. Sunan Ɗanbaba bai fito ba. Da ya fito, da aikinsa ya tafi.

Babu wanda ya san ko hukuma za ta karɓi lamba ta biyu. Wata uku iyaye na zuwa, wasu da magana mai zafi. Ita kuma aka ba ta takardar tuhuma, ƙarin girmanta ya tsaya shekara biyu. Na tambaye ta ko ba ta yi nadama ba, ta ce ai gaskiya ta rubuta, ya kamata a ce ta gwada ruwan.

Sakamako ya fito, ashirin da bakwai a kashi na biyu suka ci. Mubaraka yanzu gwajin jini take yi a wani asibiti a Shinkafi. Ta ce mini duk ranar da aka matsa mata ta gyara sakamako don a rufa wa wani asiri, wannan safiyar take tunawa.

Malama Helen, ke ce kika ɗauki tuhuma don yara su tsira da amsarsu, Ɗanbaba ya tsira da abincinsa. Ke ce kika sa na ji kunyar kaina a ranar, kuma na gode da ita. Ga shi wannan watan za ki ajiye alli. Mun gode, Mai Ruwan Sama. Allah ya ba ki lafiyar cin hutu.

Ku da za ku gaje ta, lambar da ta fito ita za ku koya wa yara su rubuta, ko ta yi muku daɗi ko ba ta yi ba. Ta bar muku jarkoki shida cike. In kuna neman makullin ɗakin, ku tambayi Ɗanbaba. Washegarin waccan jarrabawar ta danƙa masa shi, kuma har yau ko ɗigo bai ɓata ba.