Tokar da Ba ta Murhu Ba

A gidanmu na Al Nahda, a Dubai, toka ɗaya nake gani, ta kaskon turaren wuta. Girki da gas ne, ƙasa kuwa sai mutum ya sauka daga bene ya je nemanta. Ni ko na tashi a gidan da ake kwashe toka kowace safiya kafin a hura wuta. Da ita muke dirje gindin tukunya, da ita kakata take tace ruwan miya idan kanwa ta yanke. Kome zan manta a duniya ban da toka.

Kaskon nan ne ya haɗa ni da maƙwabciyata. Wata rana ta ƙwanƙwasa ƙofa tana shaƙar iska, ta ce wane irin ƙamshi ne wannan da ya hana ta zama a ɗaki. 'Yar tsibirin Ngazija ce, a ƙasar Komoros, mijinta yana harkar kago, wato aika kaya ƙasashen waje, a Al Ras. Larabcinmu ni da ita shwaiya shwaiya ne, wato kaɗan-kaɗan, inda ya ƙare hannu ya ƙarasa. Da bikin 'yarta ya tashi a can tsibirin ta ce ko dai mu zo ko ta daina cin tuwona. Maigida ya ɗauki hutu daga aikinsa na Jebel Ali, muka bar yara a wajen ƙanwarsa, muka tafi.

Abin da na fara gani daga tagar jirgi baƙi ne. Bakin tekun duk baƙin dutse ne, a murɗe a daskare kamar ƙanzon da ya kama gindin tukunya, ga fararen masallatai a kansa. Katangu da shi aka yi su. Ayaba da kwakwa daga tsagarsa suke fitowa. Maƙwabciyata ta ce duk tsibirin aman dutse ɗaya ne, wancan da gajimare ya rufe wa kai, kuma har yanzu yana da rai. Wani abin da ya ɗaure mini kai shi ne ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma ban ga kogi ko ɗaya yana gudu ba. Dutsen ne yake shanyewa. Kowane gida da tafkinsa na siminti inda ake tara ruwan sama, kuma ba a wasa da shi.

Bayan an watse daga biki maigida ya ce shi fa sai ya leƙa bakin dutsen. Yana da ciwon suga, likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa, shi kuma ya ɗauki maganar da girma.

Na ce, "Alhaji, likitan cewa ya yi ka zaga unguwa."

Ya ce, "To ai unguwar ce, Hajiya. Ta ɗan yi tudu ne kawai."

Yayan maƙwabciyata ya ɗauke mu a mota har inda hanya ta ƙare, daga nan muka taka. Mun ratsa gonakin kanumfari, ƙamshinsa har cikin mayafina. Sai daji, bishiyoyi sanye da gansakuka kamar tsofaffi masu gemu, jemagu manya-manya suna shawagi da rana tsaka ba kunya. A ƙarshen dajin muka yi azahar, muka ci rogo da soyayyen kifi. Na jingina da wani dutse don in huta, sanyi ya ratsa ni, barci ya yi gaba da ni. Ba gyangyaɗi ba, barci sosai.

Da na farka maigida ya ce, "Sannu. Mun zaci dutsen ne ya fara, ashe ke ce."

Maƙwabciyata ta nemi a fassara mata, aka fassara, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, amma na san alwalata ta tafi.

Daga nan bishiyoyi suka gajarce, suka koma ciyayi, ciyayin ma suka ƙare. Muka hau wani ɗan tudu, sai ga shi a gabanmu: rami mai faɗin da gari guda zai zauna a ciki, bangonsa layi-layi ja da baƙi, can ƙasa wani ramin a cikin ramin, ɗan hayaƙi yana fita ta gefe. Babu tsuntsu, babu ƙuda. Bakina da kansa ya kama tasbihi. Ƙarƙashin ƙafarmu kuwa, iya ganin ido, wani gari ne mai ruwan toka, takalmi yana nutsewa a ciki.

Na nuna wa maƙwabciyata na ce, "Mene ne wannan?"

Ta ce, "Ramad, habibti." Toka ke nan da Larabci.

La'asar ta yi muna can. Su uku suna da alwalarsu. Jarkar ruwa an bar ta a mota saboda nauyi, gorunansu sun ƙare tun a hanya, saura ɗaya tak a jakata, ita ma an sha fiye da rabi. Yayan maƙwabciyata ya ce kafin mu kai mota rana ta faɗi. Na dubi maigida. Leɓɓansa sun bushe, yana ta lasarsu, kuma na san ƙishirwar mai suga ba irin tamu ba ce.

Ya ce, "Yi alwalarki da shi. Wanki ɗaya-ɗaya ai ya isa."

Na ce, "Ka sha me a gangara?"

"Allah zai kawo."

"Ya riga ya kawo, ga shi a jakata. Naka ne."

Ya ce to in yi taimama mana. Nan ne gizo yake saƙar. Tun ina 'yar Islamiyya malaminmu ya karantar da mu cewa ana taimama da ƙasa, da yashi, da dutse, duk abin da yake fuskar ƙasa ne, amma ban da toka. Ga ni tsaye a tsakiyar toka. Duwatsun da ke wurin ma wuta ce ta amayo su, kuma duk garin ya lulluɓe su. Na ce masa ba a yi da toka. Ya ce shi gaskiya karatunsa bai kai nan ba. Ya ciro waya ya ɗaga sama, babu sabis ko ɗigo.

Maƙwabciyata ta ce, "Yalla, ukhti, yi sauri 'yar'uwa, hazo yana zuwa."

Ban taɓa barin la'asar ta fita ina ji ina gani ba, kuma ba zan wanke hannu da ruwan da mijina zai sha ba. Na tsuguna don in yi tunani, na dafa ƙasa. Hannuna ne ya fara ganewa kafin kaina. Na ɗebo garin na murza tsakanin yatsu. Toka laushi gare ta, kamar bula, tana bin layin tafin hannu ta zauna. Wannan kuwa kaushi gare shi, yana ƙaras-ƙaras kamar tsakin gero. Na hura, bai tashi ba, sai ya zube. Na ɗan taɓa a harshe. Toka tana da ɗan cizo irin na kanwa, wanda ya taɓa shan miyar ruwan toka ya sani. Wannan ba ɗanɗanon kome, sai tsakuwa a haƙori.

Maigida ya ce, "Hajiya, yunwar har ta kai haka? Akwai sauran rogo fa."

Na ce, "Alhaji, toka ragowar itace ce da wuta ta cinye. Wane itace aka ƙona a nan? Wannan dutse ne aka niƙa. Daga cikin ƙasa ya fito, a kan ƙasa ya sauka, babu hannun ɗan Adam a ciki. Sunan kawai ya ara."

Ya tsuguna shi ma ya murza. Ya ce, "Wallahi kamar yashin gini."

Zuciyata ta kwanta sarai. Na yi niyya, na yi bisimilla, na buga tafukana a kan garin, na shafi fuska, na sake bugawa na shafi hannuwa zuwa gwiwar hannu. Yayan maƙwabciyata ya nuna mana alƙibla, maigida ya ja mu raka'a biyu ta matafiya. Da na kai goshi ƙasa na ji ɗumi kaɗan, ban sani ba ko na rana ne ko na abin da ke ciki. Na daɗe a sujadar nan. Da muka sallame maƙwabciyata ta dubi fuskata ta ce na zama amaryar dutse, ta sa bakin mayafinta ta goge mini goshi.

Hazon ya cim mana a gangara. Muna shiga dajin gansakuka maigida ya tsaya cak, ya dafa bishiya, ya ce ƙasa tana juya masa. Na zaunar da shi a kan wata saiwa, na ba shi dabino, na buɗe gorar na riƙe masa a baki. Ya sha a hankali, ina jin saukar kowane kurɓi a maƙogwaronsa. Bai bar ko ɗigo ba. Can ya buɗe ido, ya dubi gorar, ya dube ni.

Ya ce, "Da yanzu yana gwiwar hannunki."

Na ce, "Tashi mu je, magariba ta kusa. Akwai ruwa a mota."

Da muka dawo Dubai na kai maganar wajen malamar da take mana karatu ranar Asabar. Ta tambaye ni yadda garin yake a hannu, na faɗa mata, ta ce sallata ta yi. Na ji daɗi, ko da yake tun a can ban yi shakka ba. Har yau idan zan zubar da tokar kasko nakan murza ta a yatsa tukuna, maigida kuma in yana kusa sai ya ce in ɗanɗana mana, a tabbatar.