Lambar da Yelwa Ke Gadi

Yelwa ba ta yi boko ba, amma ta san lamba tun da aka saya mata waya. Ungozoma ce a wata unguwa a Gagarawa. Rabin yaran unguwar ita ta yanke musu cibiya, kuma tana riƙe da daminar da aka haifi kowa.

Ɗanta Muntaka, direban babbar mota mai lodi daga Maigatari, shi ya kawo talabijin da sola gidan. Ranar da zai koma hanya, ya nuna mata 'yar lambar da kan fito a kusurwa idan shiri zai fara.

"Inna, in kin ga sha uku, ko sha shida, ko sha takwas, shekaru ake nufi. Wanda bai kai ba, ki fitar da shi. Na bar miki amanar idon yaran nan."

Ta kuwa riƙe amanar fiye da yadda ya zata. Tabarmarta na gefen akwatin, rimot a ɗaure a bakin zane. Shirin bai dame ta ba, kusurwar kawai take kallo. Da lamba ta bayyana sai ta waiwayo ta fara tankaɗe.

Ƙaryar shekaru ba ta ci a wurinta. Jikarta Zakiyya, 'yar Muntaka, ta taɓa rantsuwa ta cika sha uku.

"Ke da aka haifa daminar da gero ya yi tsutsa? Saura ɗaya. Tashi."

Abin da bai zo da lamba ba kuwa, na kowa ne. Labarai ba su da lamba, don haka lokacinsu ɗakin kan cika har bakin ƙofa, ita kuma ta samu ta ɗan gyangyaɗa.

Wata Alhamis bayan la'asar, labarai suka nuno wata babbar mota kife a gefen titi, buhuna a warwatse, ga mutum an lulluɓe da tabarma, ƙafafunsa a waje. A bayan motar an rubuta suna da jan fenti. Zakiyya ta karanta, domin sunanta ne da babanta ya sa wa motarsa. Ihunta ya tashi kakarta. Wayar rasuwar Muntaka ba ta shigo ba sai bayan rabin awa.

Bayan sadakar bakwai, Bilal mai gyaran talabijin ya zo gaisuwa. Yelwa ta tambaye shi dalilin da ba a sa wa labarai lamba.

"Haka tsarin yake, Inna. Labarai na kowa ne."

"To wanda muka gani fa, sai mutum ya shekara nawa?"

Bilal ya sunkuyar da kai.

Har yau tana gadin kusurwar. Sai dai da an buga kiɗan labarai takan kori kowa, ta rage murya, ita ma ta ɗauki tabarmarta ta fita. Ta ce shekararta saba'in, kuma ba ta kai ba.