Idon Umma na Hagu

Babanmu mai hoto ne, kuma a unguwarmu da wannan sunan kowa ya san shi. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, tsakanin tela da mai gyaran agogo. A bangon ciki akwai labule mai zanen teku da gajimare, ya koɗe har ruwan ya koma toka-toka. A gaban tekun nan jarirai suka tsala kuka, amare suka sunkuyar da kai, tsofaffi suka gyara zama. Ni kuwa a gindinsa na yi barcin ranar yarintata, ina ganin kamar ruwan yana motsi.

Ba shi da yawan magana, sai fa in an taɓo kyamara, nan kam sai ka nemi hanyar gudu. Yakan ce kyamara ba ta san mutum ba, ba ta san kyau ba. Abin da take nema kawai shi ne inda duhu ya haɗu da haske: bakin gira, gefen kwala, baƙin ido a tsakiyar fari. In ka danna madannin ɗaukar hoto rabi, gilashinta zai yi gaba ya yi baya har iyakar nan ta fito tar, sannan ya tsaya cak. In yaro ne mai ƙiriniya, sai ka saita ta ta dinga binsa duk inda ya yi. Amma ka nuna mata farin bango, sai ta yi ta lalube kamar mai neman takalmi a duhu.

Ya ɗauki hoton kowa, ban da Umma. Tun tana ƙarama hakiya ta rufe mata idon hagu, ya yi fari fat. Ko a taro ne, da ta ga an ɗaga kyamara sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Matar mai hoto guda, amma ba ta da hoto, in ka cire ɗan mitsitsin na katin shaida wanda ko mu ba ta bari mu gani.

Da na sami aiki a wani gari mai nisa, sai na kafe ba zan tafi ba sai da hotonta a jakata. Ta yi faɗa, ta ce 'yar da ba za ta iya tuna fuskar uwarta ba ai ta yi asara. Amma ana gobe zan tafi, da la'asar sakaliya, sai ga ta a ƙofar shago.

Ta zauna a gaban teku, ta karkata kai ta ɓoye hagun. Can kuma ta ja numfashi ta fuskanto mu sosai, ta ce in za a yi, a yi.

Ina bayan Baba ina kallon allon kyamarar. Sabuwa ce, irin mai neman ido da kanta. Wani ɗan koren akwati ya yi tsalle ya dira a idon dama. Baba ya tura shi hagu, ya komo dama. Sai ya kashe neman idon, ya bar ɗigon saiti ɗaya, ya ɗora shi a kan farin idon. Hasken shagon ya riga ya yi laushi. Gilashi ya shiga kai da komo yana ɗan kuka ƙasa-ƙasa, fuskar Umma ta narke cikin teku, ta fito, ta sake narkewa.

Umma ta sha jin karatun Baba, ta san ma'anar kukan nan.

"Farin bango ka nuna mata, ko?" ta ce, tana murmushin da ya fi kuka ciwo.

Haushin Baba ya kama ni. Ga lafiyayyen ido, me ya kai shi? Na ga ta fara tattara gefen zanenta za ta miƙe. Shi ko Baba sai ya karɓe aikin daga hannun kyamarar, ya kama zoben gilashin da yatsu biyu yana murzawa a hankali, har gashin idon ya fito ɗaya bayan ɗaya. Ya danna.

Ya miƙa mata kyamarar. Ta kawo allon dab da idonta na dama, ta daɗe tana kallo, har keken tela ya tsaya ya ci gaba. Ni dai jira nake ta ce a goge.

"Malam," ta ce, "ashe akwai shuɗi-shuɗi a cikinsa?"

"Akwai. Da safe ma ya fi fitowa."

Ta ɗago ta dube shi da duka idanun biyu. Sannan ta koma ta gyara zama, ta ce ya ɗauki wani, wannan nata ne.